Dutsen Namu, Ilminsa Na Wasu: Zamfara Da Kimiyyar Tsananin Sanyi

A watan Disamba na shekarar 2024 ne Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya bayar da sanarwar cewa Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta ƙaƙaba wa Jihar Zamfara tun watan Afrilu na 2019. Tun daga lokacin, muhawarar da ake tafkawa a majalisun Gusau ba ta wuce tambayoyi biyu ba: wa za a ba lasisi, kuma nawa jiha za ta samu? Babu laifi a yi waɗannan tambayoyi, sai dai akwai ta uku da ba a cika jin ta ba, alhali ita ce uwa uba. Idan dutsen ya bar hannunmu, me ake mayar da shi, kuma wa ke da ilmin mayar da shi? Wani ɓangare na amsar yana cikin wani fannin kimiyya da mai karatu zai iya zaton ko kusa bai shafe mu ba, wato binciken yadda ma'adinai ke sauya hali idan aka ɓare su falle-falle har kaurinsu ya koma na ƙwayar zarra ɗaya tak, sannan aka sanyaya su fiye da duk wani sanyi da aka taɓa ji a doron ƙasa.

Bari mu fara da zaiba, tunda ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya san sana'ar wankin zinare a yankunan Anka da Maru ya san da zaiba ake kwaɓa garin dutse don ta kama zinaren, daga baya a ƙona ta, ta tashi da hayaƙi mai guba, a kwashe abin da ya saura. To, wannan zaibar ce wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya a birnin Leiden a shekarar 1911, har ta kai digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Da ya tura mata wutar lantarki sai ya ga wani abin mamaki: turjiyar da kowane ƙarfe ke yi wa wuta ta ɓace ɗungurungum.

Domin a gane girman wannan lamari, sai an san mece ce turjiya. Wutar lantarki ba komai ba ce illa wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira ilektaron, masu gudu a cikin waya. A waya irin wadda muka saba da ita, tafiyarsu kamar ta ɗan dako ce da ke ratsa kasuwar Tsafe ranar da take ci: nan ya bangaji wani, can wani ya bangaje shi, kafin ya fita ya jiƙe da gumi. Wannan gumin shi ne zafin da muke ji a jikin waya ko taransifoma, kuma wuta ce da aka biya kuɗinta ta tafi a banza. Idan kuwa ƙarfe ya shiga yanayin rashin turjiya, ƙwayoyin sukan haɗu biyu-biyu, su jera da taku ɗaya, babu abin da ke tare su, har ma idan aka sa wuta a cikin zoben irin wannan ƙarfe za ta yi ta zagaye shekara da shekaru ba tare da batir ba. Sai a 1957 ne masana uku a Amurka, John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer, suka warware dalilin hakan.

Abin da ya kamata ya sa Bazamfare ya yi tsaki shi ne, zinaren da ake zubar da jini a kansa ba ya cikin ƙarafan da ke da wannan baiwa. Haka azurfa, haka tagulla. Amma dalma tana da ita, da zarar ta kai kimanin digiri 266 ƙasa da sifiri. Dalmar nan kuwa ita ce ta yi sanadin mutuwar yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a annobar da ta bayyana a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ba tare da sanin abin da ke cikinsa ba. Ƙarfe ɗaya ne, a hannun wanda ya san shi kayan bincike ne, a hannun wanda bai san shi ba kuma ajali.

Mun taɓa ganin irin wannan a tarihin Arewa. A zamanin haƙar kuza a Jos, akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ke fitowa tare da kuzar, wanda da farko ake watsar da shi a matsayin shara. Sunansa kolumbait, kuma daga cikinsa ake fitar da ƙarfen da ake kira niyobiyam. Da masana'antun jiragen sama suka gano amfaninsa, sai Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen sayar da shi a shekarun 1950. Muka loda shi ɗanye a jirgin ƙasa, muka karɓi ɗan abin da aka ba mu. Ba a jima ba ƙasar Birazil ta buɗe nata ma'adinin a Araxá, ta kafa masana'antar tacewa, ta ƙwace kasuwar, har ta kai ga samar da kusan kashi 90 cikin 100 na niyobiyam ɗin duniya. Yau da wayar niyobiyam da aka gauraya da titaniyam ake naɗa maganaɗisun da ke cikin akasarin na'urorin MRI masu ɗaukar hoton cikin jiki, domin waya ce marar turjiya idan aka tsoma ta cikin ruwan hiliyom. Da ita kuma aka naɗa manyan maganaɗisai 1,232 na katafariyar na'urar bincike ta CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan. Mu kuma abin da aka bar mana shi ne kududdufai a Filato, da majinyatanmu da ke sayar da gona don su biya kuɗin hoton. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wancan zagaye ya wuce mu. Dalilin wannan rubutu shi ne wani sabon zagaye ya fara, kuma farkonsa ya fi ƙarfin a ce mai tsada ne. A 2004, wasu masana biyu a Jami'ar Mancesta da ke Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov, suka ɗauki girafayit, wato baƙin abin nan da ke cikin fensirin 'yan makaranta, suka manna masa salatif suka ɓare, suka sake mannawa suka ɓare, har suka samu falle mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya. Sai an jera irinsa kusan miliyan 3 kafin a samu kaurin milimita guda. Suka same shi da ƙarfi da saurin gudanar da wuta na ban mamaki, aka sa masa suna girafin, kuma a 2010, shekarar da yaranmu ke mutuwa da gubar dalma, aka ba su kyautar Nobel. Girafayit ɗin nan akwai shi a ƙasar Birnin Gwari, maƙwabciyarmu ta Jihar Kaduna.

Daga nan masana suka shiga tambayar ko falle irin wannan zai iya zama maganaɗisu. Da wuya, in ji lissafi. Kowace ƙwayar ilektaron ɗan ƙaramin maganaɗisu ce, kuma ƙarfe yakan zama mayen ƙarfe ne idan ɗimbin ƙwayoyin suka fuskanci wuri ɗaya kamar sahu. A cikin dunƙulen ƙarfe kowace ƙwaya tana da maƙwabta sama da ƙasa da ke riƙe ta a sahun, amma a falle ɗaya maƙwabtan sun ragu, don haka ɗan zafi kaɗan ya isa ya wargaza jerin. A 1966 masana biyu, David Mermin da Herbert Wagner, sun nuna da lissafi cewa irin wannan sahu ba zai ɗore a falle ɗaya ba, sai fa idan ginin ma'adinin da kansa yana tilasta wa ƙwayoyin zaɓar wata fuska. A 2017 aka samu wanda ya cika wannan sharaɗi. Rukunin Xiaodong Xu na Jami'ar Washinton, da haɗin gwiwar Pablo Jarillo-Herrero na cibiyar MIT, suka ɓare wani haɗin ƙarfen kiromiyam da aidin, suka nuna falle ɗaya nasa maganaɗisu ne matuƙar sanyi ya wuce digiri 228 ƙasa da sifiri. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, idan aka ɗora falle na biyu, sai su fuskanci juna da saɓani, maganaɗisun ya mutu, idan aka ɗora na uku kuma ya dawo. Ke nan ana iya sarrafa halin abu ta hanyar ƙidaya fallayensa kawai.

Shekara guda bayan haka, a 2018, Jarillo-Herrero da ɗalibinsa Yuan Cao suka ɗora fallen girafin a kan wani, suka ɗan karkata na saman da digiri 1.1. Wanda ya taɓa haɗa ragar gidan sauro biyu ya ɗaga su sama ya ga yadda wani sabon zane mai manyan idanu ke bayyana idan aka ɗan juya ɗaya. Irin wannan zane ne ke rage wa ƙwayoyin ilektaron gudu, har su fara jin juna sosai. A sanyin da ya kai kusan digiri 271 ƙasa da sifiri, sai girafin ɗin ya zama marar turjiya, kuma da ɗan ƙarin lantarki ko ragi ana iya kunna wannan hali ko a kashe shi kamar fitila. Rafi Bistritzer da Allan MacDonald sun hango muhimmancin wannan kusurwa tun 2011, da lissafi kawai.

A al'ada, maganaɗisu da rashin turjiya kishiyoyi ne, ba sa kwana ɗaki ɗaya. Ƙwayoyin da ke haɗuwa biyu-biyu sukan so ɗaya ta fuskanci sama ɗaya ƙasa, shi kuma maganaɗisu yana so kowa ya fuskanci wuri guda, sai ya raba auren. A siraran fallaye ne aka fara ganin wannan doka tana sassautawa. Falle ɗaya na haɗin niyobiyam da seleniyam, jikan wancan baƙin yashi na Jos, yana jure maganaɗisu mai ƙarfin da ya ninka abin da aka saba gani sau da dama. A 2025 kuma rukunin Long Ju na MIT ya bayar da rahoton cewa falle huɗu ko biyar na girafin da aka jera kamar matakalar bene sun nuna halayen biyu a lokaci guda. Abin da ake hange a nan shi ne ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta mai cin wuta kaɗan, da na'urorin awo masu jin ƙaramin motsin maganaɗisu irin na ƙwaƙwalwar ɗan Adam, da sabuwar kwamfutar kwantam. Ba a banza ba ne kyautar Nobel ta fiziks ta 2025 ta tafi ga John Clarke da Michel Devoret da John Martinis, saboda gwaje-gwajen da suka yi da da'irorin lantarki marasa turjiya.

A nan ya kamata a ja hankalin masu saurin murna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan fallaye da zai kawo wuta Unguwar Toka ko Tudun Wada a shekara mai zuwa. Galibinsu guntaye ne da sai da madubin ƙara girma ake ganin su, wasu ma iska kaɗai ke lalata su, kuma sanyin da suke bukata sai da ruwan hiliyom ko firji na musamman mai tsadar gaske. Hiliyom ɗin kansa ƙasashe ƙalilan ne ke sayar da shi, irin su Amurka da Katar da Aljeriya da Rasha. Ko tsofaffin ma'adinan da Georg Bednorz da Alex Müller suka buɗe ƙofarsu a 1986, waɗanda wasunsu ke aiki da ruwan naitirojin mai arha a digiri 196 ƙasa da sifiri, wayoyin da aka shimfiɗa da su gajeru ne, kamar mai tsawon kilomita ɗaya da aka ƙaddamar a birnin Essen na Jamus a 2014. Har yau babu wani ma'adini da aka tabbatar yana rasa turjiya a zafin ɗaki da matsin iska na yau da kullum, balle a zafin Gusau na watan Afrilu. A watan Yulin 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu sun yi iƙirarin samun irinsa, suka kira shi LK-99, haɗin dalma da tagulla da wasu sinadarai. Duniya ta ɗauka, hannun jari ya motsa, amma cikin 'yan makonni ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama suka nuna cewa wani gurɓatacce ne a cikin haɗin ya ruɗi masu awon.

Matsalar wutarmu kuwa ba a turjiyar waya take ba. Duhun da ya lulluɓe akasarin jihohin Arewa na fiye da mako guda a watan Oktoban 2024 ya biyo bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ne da faɗuwar layin da ke maye gurbinsa. Maganin wannan tsaro ne, da gyara, da mita, da riƙon amana. Duk ɗan kwangilar da ya zo gidan gwamnati da labarin wata wayar siddabaru, a nuna masa ƙofa.

To, idan haka ne, ina ruwan jihar da ke fama da 'yan bindiga da wannan kimiyya? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ba za a kauce mata ba. Amsar farko ita ce manyan ƙasashe sun riga sun mayar da waɗannan duwatsu makamin siyasa. A watan Agustan 2023 ƙasar Sin ta fara taƙaita fitar da galiyam da jamaniyam, a watan Disamba ta ƙara da girafayit. Masu neman madadin za su zo Afirka, wasu ma sun riga sun iso, kuma za su zo da na'urorin da ke gaya musu abin da ke cikin kowane buhu. Idan mai sayarwa a Gusau bai san abin da ke cikin nasa buhun ba, to da farashin zinare kaɗai za a biya shi, sauran kuma kyauta ya bayar. Amsa ta biyu ita ce, ilmin da ake tantance fallen girafin da shi, shi ne dai ilmin da ake gano dalma a cikin ƙasar tsakar gida da shi. A 2010 sai da ƙungiyar likitoci ta MSF da ƙwararru daga Amurka suka zo da na'urorin hannu masu aiki da hasken eksire kafin a auna gubar a gidajenmu. Jihar da ta sake buɗe ramukanta bai kamata ta sake jiran baƙi su gaya mata abin da ke kashe 'ya'yanta ba.

Abin da ake nema ba ya wuce ƙarfinmu. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ita ce mazaunin da ya dace da ɗakin tantance ma'adinai na jiha: na'urorin eksire na gano sinadaran dutse da tsarin gininsa, madubin ƙara girma mai kyau, ƙaramin injin samar da ruwan naitirojin, da wutar sola mai batir wadda ba ta ɗaukewa, domin gwaji ba ya jure ɗauke-ɗauken wuta. Hukumar TETFund tana nan don irin wannan, kuma ya dace kowane kamfanin da ya karɓi lasisi a Zamfara a ɗora masa sharaɗin kawo samfurin dutsensa wannan ɗaki, da ɗaukar nauyin ɗalibai. Ma'aikatar Ma'adinai ta sha nanata cewa ba za ta ƙara ba da lasisi ba sai ga wanda ya zo da shirin sarrafa abin da ya haƙa a cikin gida. Ga hanyar gwada gaskiyar wannan magana. Kwalejin Kimiyyar Lafiya da ke Tsafe kuma ita ce ta fi cancanta ta riƙa yaye ma'aikatan da suka iya auna dalma a jinin yaro, da masu kula da na'urorin asibiti.

Akwai kuma ƙofar da ba ta bukatar hiliyom ko kaɗan, wato lissafi. Bistritzer da MacDonald ba su taɓa falle ko ɗaya ba kafin su hango abin da aka tabbatar bayan shekara bakwai. Manhajar Quantum ESPRESSO da ake lissafa halin ma'adinai da ita kyauta ce, kuma tun 2010 ake gudanar da makarantar ASESMA a ƙasashen Afirka don koyar da ita, da goyon bayan cibiyar Abdus Salam da ke Trieste a Italiya. Ɗan Nijeriya ma ya taɓa yin suna a wannan fage: lissafin da Farfesa Alexander Animalu ya yi a Kambirij a shekarun 1960 kan halin ilektaron a cikin ƙarafa ya daɗe yana amfanar masana. Ɗalibar Kwatarkwashi mai kwamfuta da intanet da malami nagari tana iya bin wannan sawu. Ga awon da ya fi ƙarfin Gusau, akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Zariya, mai ƙaramin injin nukiliya da ke aiki tun 2004, da cibiyar kimiyya ta Sheda a Abuja.

Sai dai duk wannan zance ne idan babu tsaro da tushe. A watan Satumban 2023 'yan bindiga suka kutsa gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida, cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu, suka yi awon gaba da ɗaliban jami'ar mata fiye da 20. Babu farfesan da zai baro Zariya ko Sakkwato ya tare inda ɗalibansa ke kwana da fargaba, kuma babu uban da zai tura 'yarsa. Dokar ta-ɓaci da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana a fannin ilmi a watan Nuwamban 2023 za a auna nasararta ne da yawan makarantun sakandare na Tsafe da Bungudu da Gusau da ke da malamin fiziks na gaske da ɗakin gwaji mai aiki, domin fenti da katanga ba sa koyar da kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma masanin da jiha za ta bukata nan da shekara goma sha biyar yanzu yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare.

Saboda haka kira nake ga Majalisar Dokokin Jiha da ta ware wani kaso tabbatacce na duk abin da jihar ta samu daga ma'adinai domin wannan ɗakin gwaji da horar da malaman kimiyya, a rubuta shi cikin doka yadda sauyin gwamnati ba zai shafe shi ba. Attajiranmu na kasuwar zinare su ma su sani cewa awo na gaskiya riba ce gare su kafin kowa. Su kuma 'yan bokonmu da ke Abuja da Kaduna da ƙasashen waje, injiniyoyi da likitoci da malaman jami'a, kowa ya ɗauki makaranta ɗaya ta garinsu ya tambayi wa ke koyar da kimiyya a cikinta. An kwashe kolumbait muna kallo, domin a lokacin ba mu da masu karatun da za su tambaya. Yanzu muna da su, hujjar ta ƙare. In kunne ya ji, jiki ya tsira.